Sunan yadi daban, zarensa daban

Bara, ana saura wata biyu bikin ƙanena, aka ɗora mini rakiyar Gwaggo zuwa Kantin Kwari haɗo lefe. Aikina bai wuce riƙe takarda da biro ba, sai kuma jakar kuɗi. Muka shiga wani shago da atamfofi suka kai rufi, mai shagon ya shimfiɗa mana darduma, ya fara sauko da kaya yana kiran sunayensu kamar malami a aji: "Hajiya, ga sufa, ga holan, wannan kodebuwa ce, wannan 'yar Caina ce amma mai kyau, waccan kuwa roba ce, ba zan ɓoye miki ba." Na ɗauki ɗaya na ce, "Alhaji, wannan da me aka yi ta?" Ya ce, "Ai sufa ce, Yallaɓai." Na ce na ji, amma da me aka yi ta? Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya sake cewa sufa ce. Gwaggo ta ce, "Kai dai rubuta, ba jarrabawa aka aiko ka yi wa mutane ba."

Ban ga laifinsa ba, amsar da kasuwa ta koya masa ita ya ba ni. Amma tun daga ranar nake jujjuya sunayen nan biyar a raina. Sufa sunan aji ne da wani kamfani ya raɗa wa kayansa. Holan da kodebuwa da Caina sunayen ƙasashe ne. Guda ɗaya tak ce ta faɗi abin da aka yi zanen da shi, wato roba, ita ma don kushe ake kiranta. Ashe mutum zai iya shekara talatin yana sayen tufafi, ya san farashin kowanne da darajarsa a idon dangin amarya, bai taɓa sanin mene ne yake sawa a jikinsa ba.

Duk ƙyallen da ka ɗauka, tambayoyi huɗu ne a kansa, kuma amsar ɗaya ba ta biya wa ɗaya. Da wane irin sili aka murza zarensa, auduga ce, ulu ne, siliki ne ko roba? Yaya aka haɗa zaren ya zama ƙyalle? Ta wace hanya aka sa masa launi da ado, a wajen saƙa ne, ko rini, ko bugawa aka yi, ko ɗinki? Sai kuma wa ya yi shi, a ina. Sunayen kasuwarmu sun zuba huɗun nan a tukunya ɗaya. Atamfa amsar tambaya ta uku ce, shadda ta biyu, gezna ta huɗu, yadi kuwa ba ya amsa ko ɗaya. A cikin wannan cakuɗar ce mai saye yake biyan kuɗin auduga ya tafi gida da roba, ba tare da an yi masa ƙarya ko guda ba.

Da ba haka Hausa take magana a kan tufa ba. Na tarar da kakata tana kaɗi, kuma kowane motsi na hannunta da sunansa. Audugar gona ake kawo mata da 'ya'yanta. Ta ɗora kan magurji, ta murza da siririn ƙarfe, angurya ta fice gefe: gurza ke nan. Sai shiɓa, da ɗan baka mai tsirkiya, tana tsinkar tsirkiyar a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi kamar kumfa. Sannan ta zauna, taskira a gefe, ta dangwali alli da yatsu don kada su yi santsi, ta murza mazari, nauyin gululu yana riƙe shi yana juyawa, hannun hagu yana ja sama. In zare take so, siriri take ja, ta murza shi sosai ya yi ƙarfi. In abawa ce, mai kauri take yi, sako-sako. Ina yaro na ɗauka abawa zaren da bai yi kyau ba ne. Sai daga baya na gane aiki ne ya raba su. Zare shi ake miƙewa a tsaye a masaƙa, yana a ɗame tun daga farkon saƙa har ƙarshe, ana ɗaga shi ana saukewa, in ba shi da ƙarfi tsinkewa zai yi. Abawa kuwa gittawa kawai take yi ta kwanta, ita ke cika jikin ƙyallen ta ba shi taushi.

A hannun masaƙi ma haka. Zai fara da wadari, ya kafa turaku yana kai-kawo da zare har ya tara adadin da faɗin sawunsa ke buƙata. Ya zura kowane ɗaya ta allera, ya bi da shi ta haƙoran matsefi, ya ɗaure can ƙarshen a jikin kunkuru, dutsen nan da yake jawowa a hankali yayin da saƙa ke cin zare. In ya taka da ƙafa, rabin zaren ya ɗaga, ƙofa ta buɗe. Ya jefa ƙoshiya da kwarkwaron abawa a cikinta, ya janyo matsefi ya buge. Buɗewa, jefawa, bugewa. Babu wata masaƙa a duniya, ko ta wace ƙasa ce, da take yin abin da ya wuce ukun nan. Bambancin dai, injin zamani ya yar da ƙoshiya, wani ma da iska yake hura zaren kwancen ya wuce, fiye da sau dubu a minti guda.

Dubi kuma sunayen abin da ke fitowa daga masaƙar. Fari, sawayen farar auduga ne da ba a rina ba. Saƙi, zare baƙi da fari ne aka gitta suka yi ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Tsamiya, silikin daji ne da ake samu daga gidan wasu tsutsotsi da ke kama bishiya, a dafa shi da ruwan toka, a kaɗa da hannu. Barage da jan alharini ake yi masa ratsi, shi kuwa alharini ragowar siliki ne rinanne da fatake ke ratso Sahara da shi daga wajen Tarabulus, kalmar ma daga Larabci take. Gwado mata ne ke saƙa shi a masaƙarsu ta tsaye mai faɗi. Turkudi sawayensa sirara ne ƙwarai, a ɗinke su, a tsoma a baba har ya yi baƙi wuluk, a kai mabuga a zuba masa shuni a yi ta bugu har ya riƙa ɗaukar ido. Garin Kura ya yi suna da shi, Buzaye kuma har gobe suna naɗa shi. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin sunayen nan ya san da me aka yi, ya san yadda aka yi. Sunaye ne na masu yi. Kuma ba ƙaramar sana'a ba ce: Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da garin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbuktu da Gat da Tarabulus. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ɗaya ce kawai cikin marinu masu yawa na lokacin.

Akwai dai wurin da Hausa ta yi rowar kalma. Saƙa muke ce wa aikin masaƙi, saƙa muke ce wa na mai kwarashi da ke yi wa jariri hula da safa, alhali hanyoyi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Ɗaya zare biyu ne ke gittar juna, tsaye da kwance. Ɗaya kuwa zare guda ne ake lanƙwasawa ana sarƙe madauki cikin madauki. Shi ya sa singileti da rigar 'yan ƙwallo da hijabin da ake kira jesi suke miƙewa in an ja su, atamfa kuwa ba ta yi. Tela ya san bambancin a hannunsa tun kafin ya san sunansa, don ƙyalle mai miƙewa yakan ba keke wuya.

Tambayar farko, ta sili, ita ce wadda aka fi ɓoyewa, kuma ita ce jikinka zai gaya maka a watan Afrilu. Auduga tana shan gumi ta sake shi, sai dai tana yamutsewa tana neman guga. Roba, wato foliyesta, daga man fetur ake samo ta. A 1941 wasu masana biyu a Ingila, Whinfield da Dickson, suka yi mata rajista, yau kuma fiye da rabin duk silin zaren da duniya ke yi ita ce. Ba ta yamutsewa, ba ta koɗewa da wuri, ga araha, amma ba ta shan ruwa, gumi a jikinka yake zama. Akwai ta uku da ke rikita mutane, biskos, wadda ake narka ɓargon itace a ja shi ya zama zare. Tana da sanyi da santsi, tana zubowa a jiki kamar siliki, yawancin abin da ake sayar wa mata da sunan siliki ko dai ita ce ko roba mai sheƙi. Masana'anta kuma sun iya gauraya: a murza auduga da roba a zare ɗaya, ƙyallen ya yi taushin auduga a hannu, ya yi farashin roba a wajen mai yi. In mai shago ya ce maka "kotin ne", sau da yawa taushin yake nufi, ba abin da ke cikin zaren ba.

Atamfa ba irin saƙa ba ce. Saƙarta ita ce mafi sauƙi a duniya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, irin ta akoko da alawayyo. In ka cire mata zane, alawayyo ce. Duk kuɗin yana kan yadda aka sa zanen, kuma asalin dabarar daga tsibirin Jaba na Indunisiya take, inda mata ke zana ado a kan ƙyalle da narkakken kakin zuma, su tsoma a rini, wurin da kakin ya rufe ya ƙi kamawa. Turawan Holan da ke mulkin tsibirin suka nemi yin aikin da inji don su sayar wa mutanen can. Injin ya kasa yin aikin tsaf, danƙon yana tsattsagewa, rini yana kutsawa ta tsagar, sai mutanen Jaba suka ga aibu ne. Wajen 1890 wani ɗan kasuwa na Glasgow, Ebenezer Brown Fleming, ya kai irin wannan kaya gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Ghana, matan can suka ga tsagar ado ce. Daga nan kasuwa ta buɗe.

Har yau haka ake yin atamfa ta ainihi. A wanke farin ƙyalle a shirya shi, a bi da shi tsakanin gangunan tagulla biyu da aka sassaƙa zanen a jikinsu, su shafa masa danƙo gaba da baya. A tsoma shi a rini, galibi baba, irin dai na karofi, wanda ƙyalle ke fitowa daga cikinsa kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. Sannan a kakkarya danƙon a wanke wani a bar wani, a ƙara launi na biyu da na uku ɗaya bayan ɗaya. Saboda an tsoma shi ne, ba shafa masa aka yi ba, gaba da baya duk ɗaya suke. Saboda danƙon ba ya tsagewa iri ɗaya sau biyu, ɗige-ɗigen da jijiyoyin nan ba sa maimaita kansu daidai. Ita kuwa mai araha, launukan duka ake buga mata lokaci guda a fuska ɗaya, kamar yadda ake buga jarida, har da zanen tsagar na ƙarya. Abin da Gwaggo ke yi ke nan da na ga tana juya kowane turmi tana duba bayansa, sannan ta ware shi ta bi ɗigo ɗaya da yatsa ta ga ko zai sake fitowa a daidai wurinsa a fallen gaba. Ba ta san sunan Jaba ba, amma ta san abin da take nema. Sai dai masu kwaikwayo su ma ba barci suke yi ba, yanzu akwai injin da ke tura launi ya ratsa har baya, don haka juya zane kaɗai ya daina isa.

Sunayen ƙasashen ma sun fara zamewa. Holan dai tana nan, kamfanin Vlisco ne a garin Helmond, tun 1846, kuma shi ya fito da ajin da ya kira Super Wax a 1973, mai zare siriri da saƙa matsattsiya, wanda bakinmu ya mayar sufa. Kodebuwa ta kamfanin Uniwax ce a Abijan, shi ma a ƙarƙashin Vlisco yake, kamar GTP ta Ghana. Amma wadda iyayenmu ke kira ingilish, ta kamfanin ABC, tun shekarun 2000 aka kwashe aikinta daga kusa da Manchester aka kai Akosombo a Ghana. Sufa kuwa ta zama ta kowa, duk wanda ya ga dama sai ya buga kalmar a gefen zane.

Shadda ita ce akasin atamfa, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar kuɗinta in ta ainihi ce. Ba a buga mata komai ba. Ɗauki farar shadda ka karkata ta a hasken rana: furen da kake gani launinsa ɗaya da jikin ƙyallen, zare ɗaya ne. Abin da ya faru shi ne, a cikin furen zaren kwance ne a sama yana tsallake zaren tsaye da yawa kafin ya nutse, a wajen furen kuma zaren tsaye ne a sama. Haske yana faɗa wa ɗaya ta tsawonsa, ɗaya ta gicciyensa, sai ido ya ga wani wuri na walƙiya wani ya dushe. In ka juya bayanta, inda ke walƙiya ya dushe, inda ya dushe ya haska. Don a yi haka dole masaƙa ta iya ɗaga kowane zaren tsaye shi kaɗai, ba rabi da rabi irin na allera ba, kuma zaren dubbai ne. Wanda ya sauƙaƙa wannan shi ne Joseph Marie Jacquard, mutumin Lyon a Faransa, a 1804: ya yi inji mai karanta jerin katuna masu huji, inda huji yake zare ya ɗaga, inda babu ya zauna. Irin katin nan ne daga baya aka riƙa ba kwamfutocin farko umarni da shi. Yanzu kwamfuta ce ke ba masaƙar umarni, bashi ya dawo gida.

Sheƙin shadda kuwa hawa uku ne, kuma a nan ake raba mai tsada da mai araha. Hawan farko audugar kanta, mai dogon sili, irin wadda Masar ta yi suna da ita, don dogon sili shi ke ba da zare siriri marar gashi. Na biyu, a jiƙa ta a ruwan soda mai ƙarfi tana a ɗame, silin ya kumbura ya zama mulmulalle, ya riƙa mayar da haske, ya kuma fi kama rini. Wani Baturen Ingila, John Mercer, shi ya gano tasirin sodar a 1844. Wannan sheƙin ba ya fita da wanki. Na uku, a bi da ƙyallen tsakanin gangunan ƙarfe masu zafi da nauyi su danne shi ya kwanta, a ƙara masa sinadarin da ke sa shi tauri da ƙara in ana tafiya. Wannan hawan na ukun ba baƙo ba ne a wurinmu, bugu ne. Abin da mabugi ke yi da guduman itace a kan gungume, shi injin ke yi da ƙarfe. Shi ya sa shadda in ta sha wanki ake mayar da ita mabuga, shi ya sa kuma masu rinin galila a Bamako suke sa ƙaro su buge ta bayan rini. Shadda mai araha hawa na uku kawai take da shi, an loda mata sitaci an danne. A shago tana iya fin ta ainihi ƙyalli. Wanki biyu, sai ka ga tsumma.

Gezna sunan kamfani ne, Getzner, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, an kafa shi tun 1818. Mun ɗauki sunan mun mayar da shi aji, har ana cewa "geznar Caina", maganar da in ka tsaya ka auna ta daidai take da a ce Bakanon Sakkwato.

Leshi ma ba abin da sunansa ke faɗa ba ne. A inda kalmar ta fito, tana nufin ado mai huji-huji da ake sarƙawa da zare zalla, babu ƙyalle a ƙarƙashi. Yawancin namu kuwa ɗinkin ado ne, surfani na inji a kan ƙyallen da aka riga aka saƙa. In ƙyallen shara-shara ne na auduga mai zare murzajje, shi ne boyal. In raga ce, ga leshi mai raga. In kuma aka yi ɗinkin a kan wani abu da ake narkarwa bayan an gama, zaren adon kaɗai ya rage yana riƙe da juna, shi ne mai kauri da ake kira kod. Injin da ke wannan aiki wani mutumin Suwizalan, Isaak Gröbli, ya ƙirƙiro shi a 1863, allurai ɗaruruwa a jere, kowace da 'yar ƙoshiyarta a baya. Suna kiransa da kalmar da ke nufin ɗan kwalekwale a yarensu, saboda siffar ƙoshiyar. Muna cewa suwis, amma tun shekarun 1960 mai yawa daga cikin leshi mai tsada da ke shigowa Najeriya daga Lustenau yake, wani gari na Ostiriya a bakin iyakar Suwizalan. Lustenau da Bludenz jiha ɗaya suke, Vorarlberg. Wato wani ɗan lungu mai duwatsu da ƙanƙara shi ke yi wa ango babbar riga, ya yi wa amarya kayan fitar biki.

Sai yadi. Wannan ma'auni ne kawai, inci 36, bai kai mita ba da kaɗan. Ya kori kamu da gaba da taƙi da kakanninmu ke awo da su, sannan ya zauna ya zama sunan duk wani ƙyallen maza da ba shadda ba. A wajen mata kuma matiriyal ce ta ɗauki wannan matsayi, kalmar da ba ta nufin komai sai "kaya". Ƙarƙashin sunayen nan biyu komai yana iya fakewa. Toyobo sunan kamfani ne a Osaka ta Japan, mun mayar da shi sunan duk yadi mai laushi da sanyi. Kashmiya a asali lallausan gashi ne da ke ƙarƙashin gashin wasu awakin ƙasashe masu tsananin sanyi, abu mai tsadar gaske, wanda ba wanda zai yanka maka yadi biyar nasa a kuɗin da muke biya. Ko awon ma sai an lura. Turmi yadi shida ne, falle uku, wajen mita biyar da rabi. Shadda yadi biyar ake yanka wa mai kaftani da wando, goma ga mai babbar riga, amma wani da mita yake saya ya sayar da yadi, kuma in ba ka tambayi faɗin ba, tela ne zai gaya maka bai isa ba.

Me ya sa sunayen yi suka ɓace, na saye suka maye gurbinsu? Domin yin ne ya bar hannunmu, sau biyu. Karo na farko, akoko da alawayyon Manchester suka shigo da arahar da mazari ba zai iya ja da ita ba. Sannan aka yi yunƙurin dawo da aikin gida da inji. Gwamnatin Sardauna ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata masu shiga aiki kashi-kashi dare da rana, Kano da Funtuwa su ma suka samu nasu. Waɗannan mutane sun san bambancin sashen kaɗi da na saƙa da na rini, sun san lambar zare, sun san abin da ke sa ƙyalle ya zuba. Sai wutar lantarki ta gagara, man injin ya yi tsada, injuna suka tsufa ba a sauya ba, kayan fasa-ƙwauri suka malalo ta kan iyaka, na Caina suka zo da farashin da ko audugar ba za ka saya da shi a nan ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe ƙofarta ta Kaduna a 2007. Yaron da ya taso bayan nan a Kantin Kwari dila ya sani da bandir da kwantena. Kalmomin masaƙa sun rage a bakinmu ne a karin magana kawai: muna neman bakin zaren, muna cewa wane ya saƙa wa wane mugun zare, muna cewa zaren ba kalar yadin ba ne, amma da wuya ka samu matashin da ya taɓa ganin wadari.

A wannan fitar tamu ni ma na yi wa kaina sayayya. A wani shagon na ga yadi ruwan toka mai kyau, an saƙa rubutu a gefensa da zaren zinariya, Super 150s, ga sunan wata ƙasar Turai. Lambar nan ma'ana gare ta: awon sirantar gashin tunkiya ne, in lamba ta hau, gashin ya fi siranta, kuma ba ta da wani aiki a kan abin da ba ulu ba. Na biya ba tare da dogon ciniki ba, ina jin na yi dace. Da muka dawo gida Gwaggo ta karɓa ta murza shi a tafin hannu, ta sake, ta ga ko alamar yamutsewa babu. Ta ce wa wata jikarta, "Ke, miƙo min ashana." Ta zare zare uku daga bakin yankan, ta murɗe su, ta kai wuta. Auduga in ta kama, ci take yi da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu da siliki warin ƙonannen gashi suke yi, su bar gawayin da ke murƙushewa a yatsa. Nawa ja da baya ya yi daga wutar, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo. Gwaggo ta bari ya huce, ta danna shi da farce, ya ƙi fashewa. Ta ɗora mini shi a tafin hannu ta ce, "Ga tunkiyarka nan. Ka bari sai sanyi ya shigo ka kai ɗinki."